Surin da aka baje a gonar Kebbe

Shekarata ta uku da fara aikin lauya a Tambuwal wani dattijo daga Kebbe ya kawo mini shari'ar gona. Ya zaro takardar ajami daga cikin leda biyu, wadda mahaifinsa ya bari. A rubuce yake cewa iyakar gonarsu ta tashi daga gindin ƙirya ta tsaya a babban suri. Ƙiryar na nan. Surin ne maƙwabcinsa ya sa tarakta ta baje, sannan ya ce ai dama can gabas yake, taku ashirin cikin gonar dattijon.

Sati biyar ina fama. Na kira shaidu huɗu, kowa ya nuna wuri daban, ɗaya ma ya nuna gonar wani. Na kwashe littattafan shari'a na karanta, babu inda aka yi maganar gara. Na hau babur zuwa gonar har sau uku ina zagayawa da takalmin kotu, manoma na gaishe ni suna kallon ƙafata.

Ran nan na je Sanyinna gaida mahaifiyata. Ta ajiye mini tuwo, na zauna ina juya miya da yatsa.

"Lauya, mi ya same ka?" in ji ta. Haka take kirana in za ta tsokane ni.

Na ba ta labari. Ta saurara tana tsinke zogale.

"To waɗanda ka kira duk maza na?"

Na ce eh, Inna, maza ne ke noma wurin.

"Namiji ina ya san suri? Kewaye shi yake yi da garma. Ka nemi mai kamun gina."

Gina ita ce garar nan mai fiffike da ke fitowa bayan ruwan farko, mata su tara su soya su kai kasuwa. Ni da nake sayenta a takarda tun ina makaranta, ban taɓa tambayar inda take fitowa ba.

Ranar kasuwar Kebbe na bi layin masu soye-soye ina tambaya, har aka kai ni wurin wata tsohuwa. Da na ambaci gonar, ta ce ta san wurin tun kafin ta aurar da 'yarta ta fari.

"Sun baje bisa, ƙasan na nan," ta ce. "Ko bana can na ɗiba."

Alƙali ya yarda a je gonar. Tsohuwar ta wuce mu duka, ta tsaya a wani fili da ba shi da wata alama, ta buga ƙafa. Aka kawo diga. Ba a yi zurfin kamu uku ba sai ga jar ƙasa mai ramuka, zago, manyan garar nan masu cizo, na ta fitowa. Aka haƙa inda maƙwabcin ya nuna, yashi ne zalla. Lauyan ɗaya ɓangaren ya matso ya leƙa ramin farko, wani zago ya kama shi a idon sawu, ya janye.

Dattijo ya samu gonarsa. Tsohuwar kuma ta riƙe ni a bakin hanya, ta ce an tona mata wuri, sai in san yadda zan yi da ita baɗi. Sai da dattijon ya yi alkawarin ba zai sake barin garma ta bi ta wajen ba, sannan ta sake mini hannun riga.