Wuƙar da Kawu Bai Yarda da Ita Ba

Jiya a kasuwar Tanout na ga mai figar kaji yana ɗauraye kaza bayan kaza a baho ɗaya, ruwan ya yi jawur, gashi na yawo a kai. Ban san sanda na ce, "Malam, ruwan nan tun yaushe?" ba. Tambayar Kawu ce, wan mahaifiyata.

Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ɗakin bincike, yana bin diddigin ƙwayoyin cutar da ke maƙalewa a naman kaji. Shi ya sa ba ya cin kaza da ido rufe.

Wata rana na raka shi suna Gangara. Uwar gida ta sa aka gasa masa zakara, aka barbaɗa ɗanyar albasa, ƙamshin yaji ya cika zaure. Kawu ya ture albasar gefe, ya tsaga cinya har ƙashi yana dubawa. A wurinmu, baƙon da ke binciken abinci sammu yake tsoro.

Matar ta leƙo. "Alhaji, wani abu kake zaton mun zuba maka?"

"Ba ke nake zargi ba, Hajiya. Wuƙar da aka gyara zakaran da ita, ita ta yanka albasar?"

Ita ce kuwa. Ya cinye naman, ya bar albasar.

Har ya rasu, gidan nan ba su daina cewa ya zarge su ba. Allah ya ji ƙanka, Kawu, ya wanke ka tas, yadda ka so a riƙa wanke wuƙa.