Ɗan Makka a Gadon Sama

Taha direban bas ne. Tun yana saurayi yake jigilar alhazai daga unguwar Aziziyya zuwa Harami, ya sauke, ya juyo, ya sake kwasowa. A unguwar Hindawiyya ta Makka aka haife shi, kuma a nan yake zaune da mahaifiyarsa, Hajiya Zali, a hawa na uku na wani tsohon gini. Kakansa da ƙafa ya taso daga ƙasar Sakkwato, ya yi shekaru a hanya, har noma ya yi a Sudan kafin ya tsallako teku. Tun daga nan babu wanda ya sake fita a zuriyar, in ban da Jidda da Ɗa'ifa. A ganinsu tafiya ta ƙare, tunda an iso.

Shi ya sa ranar da Taha ya shigo gida da jakar goyo, bayan alhazai sun watse, uwar ta ɗauka wani ne ya manta da ita a mota.

"Tawa ce, Umma. Ƙasar Jojiya za ni."

"Wa gare ka a can?"

"Ba kowa."

"To me za ka yo?"

"Shi ɗin dai. Ba kowa."

Gaskiyar magana, Taha ya gaji da tambaya. Kullum sai an tambaye shi ina Harami da harsuna iri-iri, wani ma yana tambaya hasumiyar agogo na tsaye a gabansa. So yake ya je garin da shi ne bai san hanya ba.

A Tibilisi, babban birnin ƙasar, ya sauka a masaukin matafiya mai arha, irin wanda ake cusa gadaje masu hawa biyu a ɗaki guda. Aka ba shi gadon sama. Da ya kira gida ya juya wayar don uwar ta ga wurin, sai ta tsaya kallon ƙafafun wani Bature da suka leƙo daga bargo.

"Su wane ne waɗannan?"

"Ban san su ba."

"Kuma kai ka biya?"

"Ni na biya."

"Wannan ai Mina ce," in ji ta, "sai dai ba lada."

Taha kuwa ya ji daɗinsa. Ya ɓata a unguwanni ba iyaka, ya tambayi hanya da hannu, aka nuna masa ba daidai ba, bai ji haushi ba. Wani Bajamushe da ke gadon ƙasa ya tambaye shi garinsu, ya ce Makka, mutumin ya ce ko akwai bakin teku. Taha ya ce babu. Maganar ta tsaya a nan.

Daga wannan shekarar abin ya zame masa al'ada. Da Muharram ya kama sai ya ɗauki jaka: Nepal, Sirilanka, Biyetnam. Ya koyi wanke safa a wurin wanke hannu, da rubuta sunansa a jikin kwalbar madara, da yin salla a tsakanin gadaje, jiƙaƙƙen tawul ɗin wani na ɗiga kusa da kansa.

A Indunusiya lissafi ya ɓaci. Ya sauka a wani ƙaramin gari a tsibirin Jawa, tsakiyar gonakin shinkafa. Mai masaukin, Darto, ya taɓa yin aikin tuƙi a Riyad, yana jin Larabci daidai gwargwado. Ya buɗe fasfo, ya ga inda aka haifi baƙon, sai ya miƙe tsaye. Ya ce mutumin Makka ba zai kwana a gadon sama ba, ga ɗakinsa nan. Sai da Taha ya yi kamar zai ɗauki jakarsa ya tafi sannan aka bar shi ya hau.

Kafin magariba labari ya zaga gari. A masallaci aka tura shi gaba, liman da kansa ya ja baya. Taha bai taɓa jan salla ba, ya karanta gajerun surorin da ya iya, ya ji wani yana shessheƙa a sahun baya. Washegari aka fara kawo gorunan ruwa a tofa, da jarirai a shafa musu kai. Ya ce wa Darto ya gaya musu shi direba ne kawai. Darto ya fassara. Mutanen suka kalli juna, suka ce ka ji tawali'u.

Ya ɗaure jakarsa zai gudu, Darto ya roƙe shi ya fara gaida mahaifiyarsa. Tsohuwar, Sumi, tana zaune a kan tabarma, ƙafafunta sun kumbura. Ta daɗe da yin rajistar aikin Hajji, layi bai zo kanta ba.

"Sannu, Hajiya," in ji Taha, don da haka bakinsa ya saba kiran kowace mace.

Ta ce wa ɗanta ya gaya masa ba ta zama Hajiya ba tukuna.

Taha ya ɗaga hannuwa zai yi addu'a, ta dakatar da shi. Ta ce malamai suna da su a nan. Ita abin da take son ji shi ne, banɗaki yana da nisa daga wurin ɗawafi? Daɓen yana da santsi? Gaskiya ne shinkafar can tauri gare ta?

Taha ya sauke hannuwa, ya gyara zama. Ya gaya mata ƙofar da ta fi sauƙi ga mai ciwon ƙafa, da lokacin da rana ke sassautawa. Ya ce kada ta ajiye takalmi a bakin ƙofa, ta sa a leda ta riƙe. In ta shiga bas ta zauna bayan direba, can baya zafin inji yake. Shinkafa kuwa gaskiya ne. Ta tambaya ko ya iya yarensu, ya jero mata abin da ya sani: hau, sauka, yi sauri, mota ta cika. Ta ce wanda ya koya masa ba shi da tarbiyya.

Bai gudu ba. A garin ya ƙare hutunsa, kullum da hantsi yana wurin tsohuwar. Amma daga lokacin, duk ƙasar Musulmi da ya shiga aka tambaye shi, Jidda yake cewa.

Shekara ta zagayo, cikin Sha'aban, Darto ya kira. Ya ce tsohuwa ta ƙi jiran layi, an sayar da saniya, ga su a Aziziyya sun zo Umra. Taha ya ɗauki hutun yini, ya samo keken turawa. Tun daga harabar masallaci tsohuwar take faɗa, wai yana tura ta kamar bas. Da suka shiga ta hango Ka'aba sai ta yi shiru. Taha, wanda kullum yake sauke mutane a bakin wurin amma ya yi watanni bai shiga ba, ya tsaya a bayanta riƙe da keken. Jama'a na ture shi ta ko'ina, bai matsa ba, bai kuma ce a yi sauri ba.

Da la'asar ya kai su Hindawiyya. Shi da Darto suka ɗaga keken da ita a ciki har hawa na uku. Hajiya Zali ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe, baƙuwar ta ci ta ƙara, ta ce ashe akwai shinkafa mai laushi a garin, an dai ɓoye ta ne. Tsofaffin biyu suka shiga hira, kowacce da yarenta, ba wadda ta nemi tafinta. Can suka fara nuna Taha da baki.

Darto ya yi gyaran murya. "Iya ta ce mutum ya haura arba'in ba aure, ba daidai ba ne. Akwai 'yar ƙanwarta, malamar makaranta ce."

"Na gane tun kafin ka fassara," in ji Hajiya Zali.

Taha ya ce bari ya sauka ya duba mota, kada a tare masa hanya.

Bayan sun koma aka turo hoton malamar. Hajiya Zali ta sa aka wanko shi, ta manna a jikin firij. Taha bai ce e ba, bai ce a'a ba, ruwa kawai yake ɗauka ya rufe. Bana dai da Muharram ya kama, Indunusiya ya sake komawa. Ya ce akwai wani dutse mai aman wuta da bai samu ya gani ba wancan karon.