Matajin Jannat

Inno mai kitso ta shekara talatin tana kama kan matan Kurfi, kuma ban taɓa ganin ta bar silin gashi a ƙasa ba. Ni ce maƙwabciyarta, katanga ɗaya ta raba mu. In ta gama kitso sai ta tattara gashin da ya zuba, ta tona rami gindin ɗorawar tsakar gidanta ta binne, don kada ya faɗa hannun mugu.

'Yarta ɗaya, Jannat, tana karatu a Dutsin-Ma. Ita ta jajibo mana wata kyanwa, irin ta ƙasar Farisa, fara fat, fuska a shafe kamar an danna ta da faifai, gashi har ƙasa. Na ce, "Ke Jannat, wannan kyanwa ce ko tunkiya? Tana kama ɓera kuwa?" Ina! Ba ta kamun komai. Sai inuwa, sai ruwan sanyi, sai a wanke mata kwantsa, kuma kullum a taje ta, in ba haka ba gashin ya cukurkuɗe. Da matajin ƙarfe ɗaya Jannat take taje kanta da na kyanwar, Inno tana faɗa, ita tana dariya.

Ranar wata Alhamis Jannat ta hau mashin zuwa biki a Barkiya. An tsinci mashin ɗin a daji. Ita ba a gan ta ba, kuma babu wanda ya kira waya neman kuɗin fansa.

Inno ta ɗauki matajin, da gashin Jannat a haƙoransa, ta ƙulle a ɗankwali ta sa ƙasan akwati. Macen da ke binne gashin kowa ta ƙi binne wannan.

Kyanwar kuwa kullum la'asar sai ta zauna bakin zaure tana kallon hanya, ta juya kai a hankali kamar tana bin wani mai shigowa da ido. Wallahi tsigar jikina tashi take. Mata suka rage zuwa kitso.

Wata huɗu, gashin kyanwar ya dunƙule kamar tsohuwar tabarma, ƙasansa duk gyambo. Muka gwada matajin roba, ta yage min hannu, 'yar banza! Lado, mai duba dabbobi, ya yanke abin da zai yanku, ya ce, "Inno, in ba a taje ta kullum ba, zafin bazarar nan zai kashe ta. Ina matajin da ta saba da shi?"

Inno ta ce, "Yana ajiye. Mai shi za ta dawo."

Haushi ya kama ni, na ce, "Yaya, wadda ke gabanki tana mutuwa fa!" Har yau ina jin kunyar yadda na ɗaga mata murya.

Washegari da hantsi na leƙa ta katanga. Tana durƙushe gindin ɗorawa, tana zare gashin Jannat daga matajin sili-sili. Ta daɗe da shi a tafin hannu. Sannan ta sa a rami ta mayar da ƙasa, ta daddanna da hannu, na ji ta ce, "Allah Ya jiƙanki." Ranar ta fara faɗin haka.

Kyanwar ta taso da kanta ta haye cinyarta, Inno ta fara taje ta.