Farin Ɗigo a Idon Amarya

A layin, Baba Walƙiya ake ce masa, saboda in ka wuce shagonsa da rana tsaka sai ka ga haske na tartsatsi ta ƙasan ƙofa kamar hadari ya shiga ciki. Hoton fasfo ne ya ci da shi har ya aurar da 'ya'ya, amma ba nan zuciyarsa take ba. Shi dai a ba shi abin da ido ba ya iya kamawa: ɗigon ruwa yana faɗawa kofi, ƙwai yana fashewa, balan-balan a daidai lokacin da allura ta taɓa ta. Sai ya ja labule ɗakin ya yi duhu, ya kafa filash, wato fitilar ɗaukar hoto, a kan maɗorinsa dab da kyamara, ya rage masa ƙarfi don hasken ya zo a taƙaice, ya danna. Matarsa ta sha cewa ƙwan da ya fasa ya isa a buɗe shago.

Mutum ne mai tsabtar aiki har ta yi yawa. Ƙurji, jan ido, ƙuda a kafaɗa, babu wanda ke fita daga kwamfutarsa da rai.

Da jikarsa ta fara tafiya, sai ya samu abokiyar aiki. Amaryata yake ce mata. Ita ke marin ruwa a roba, shi yana tsayar da fantsamar a iska. A hotunan ne ya fara ganin wani farin ɗigo a tsakiyar idonta na hagu. Ya yi tsaki, ya ɗora wa filash laifi, ya shafe ɗigon da baƙi. Ya sake fitowa, ya sake shafewa. Har gilashin kyamara ya canza, yana mita wai kayan yanzu duk jabu ne.

Ranar da wata ma'aikaciyar jinya ta zo ɗaukar fasfo, hoton yarinyar na kan allo, bai kai ga gyara shi ba. Matar ta tsaya cak.

"Baba, 'yar waye wannan?"

"Amaryata ce. Kar ki damu da farin nan, filash ne, yanzu zan goge."

"Ka goge? Baba, ba filash ba ne. A kai ta wurin likitan ido yau, kar a kai gobe!"

Ranar nan shi da uwarta suka kai ta. A asibiti likita ya ce ƙari ne a cikin idon, kuma ya daɗe. Ya tambayi uwar yarinyar ko akwai tsofaffin hotuna, a ga lokacin da abin ya fara. Ta juyo ta kalli surukinta, Baba Walƙiya. Hotuna kam bango guda ne, tun na bara, kowanne da idanu biyu baƙaƙe wuluk, aikin hannunsa.

An ceci ranta, amma an cire idon.

Da aka sallamo ta, aka kawo ta shago da bandeji a fuska. Ta haye cinyarsa kamar kullum, ta nuna kwamfuta, sannan ta nuna bandejin.

"Kaka," ta ce, "gyara min."