Sojan Ruwan Inna

Ana kiran assalatu muka bar gida a Talata Mafara, ni da autanmu. Shi yana riƙe da ƙunshin goro da sabulun tsaraba, ni kuma ina tafe da abin da ke cina a rai. Wai autan nan namu soja zai shiga. Tun da ruwan dam ɗin Bakolori ya shanye gonar gidanmu yake lebura a wurin aikin dam ɗin, ga shi aikin ya zo ƙarshe an sallame su, ya kuma ji za a ɗauki sababbin sojoji a Sakkwato bayan salla. Bai tsai da wanda zai shiga ba tukuna, na ƙasa ko na sama ko na ruwa, amma ya rantse ba zai taka ko'ina ba sai Inna, mahaifiyarmu, ta sa masa albarka. Ni kuwa in faɗi gaskiya, na nemi izinin maigidana na biyo shi ne don a hana shi.

Dabarata ita ce mu fara biyawa Bakura wurin Kawu, ƙanen Inna, tsohon soja da ya dawo gida da ɗingishi. Na ce in auta ya ga ƙafar nan da idonsa zai shiga taitayinsa.

A-kori-kura muka samu, mu da buhunan gishiri da wata tunkiya da ta ɗauki gefen zanena a matsayin karin kumallo. Wanda ya daɗe bai bi hanyar nan ba zai rantse ɓata ya yi. An tuge itatuwa, an baje gonaki sun zama fili ɗaya, ga magudanan ruwa na siminti sun miƙe sambal kamar tsagar kitso. Wani dattijo da ke kusa da ni ya yi ta leƙe yana neman gonarsa, ya ce da wata tsamiya yake gane ta. Har muka wuce bai nuna ko'ina ba. A tashar Bakura na sayi fura, na ga curin ya koma kamar ƙwan zabo. Da na yi magana, Bafillatanar mai furar ta ce in je in tambayi ma'aikatan dam, su suka koya wa kowa saye ba tayi.

Kawu ya tarbe mu a zaure. Sai da aka gaida gida da gajiya da iyali da dabbobi, aka kawo hoce da yajin ƙuli, sannan na kawo zancen, ina ta satar kallon ƙafarsa don auta ya lura. Kawu ya gane ni sarai.

"Ke ɗiyag ga, kin kawo shi in ba shi tsoro na? Ƙahwag ga ba harsashi ba na. A mota munka kihe, za mu ɗauko shinkahwa."

Auta ya yi dariya har da tari, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Amma da Kawu ya juyo kan auta, wasa ya ƙare. Ya ce sojan sama boko mai yawa suke so, auta kuwa iyakarsa firamare. Na ƙasa su ne masu yawa, nan aka fi samun shiga, sai dai ya sani soja ba ya zaɓen inda za a tsayar da shi. "Wata rana gaban mutanen da kas sani za a tsai da kai, ka kau tsaya." Auta ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana murza ɓawon goro. Can Kawu ya tambaye shi ko ya iya ruwa. Wannan kam har ni sai da na murmusa, don bulalar da ya sha a kan wankan gulbi ta isa ta tuƙa jaki zuwa Gusau. Kawu ya ce to na ruwa Ikko ake kai su, bakin teku, ba ya ganin gida sai shekara ta juyo. Sai na ga idon auta ya yi haske.

A nan muka kwana. Washegari muka komo ta Mafara muka kama hanyar Maradun, daga can muka taka da ƙafa zuwa tudun da aka mayar da mutanen garinmu. Ban taɓa ganin ruwan ba tun da ya cika. Na tsaya cak. Inda muka yi tallar gyaɗa, inda muka ci kasuwa, duk ruwa ne iyakar ganinka, sai kawunan wasu giginyu can tsakiya. Baƙin masunta sun kafa bukkoki a gaɓa, ana ta suyar kifi, ƙamshi har hanya. Na ji yunwa, na kuma ji kunyar yunwar.

Sabon garin tsakuwa ce zalla, ko kuɓewa sai da lallashi take fitowa. Mun iske Inna a inuwar ɗaki tana kaɗi. Ni 'yar fari ce, ba ta kama sunana, gaisuwata ma a gefe take amsawa. Auta kuwa har da shafa kai da tambayar me ya ci ya rame haka. Da ya faɗi abin da ya kawo mu, sai mazarin ya tsaya a hannunta. Ya fara yi mata bayani a hankali, ya ce akwai sojan ƙasa.

"Wace ƙasa?" in ji Inna. "Tamu tana ƙarƙashin ruwa."

Na ce a raina, madalla, an gama. Sai ya ambaci sojan ruwa. Wallahi fuskar Inna ta sauya, irin sauyin da rabona da gani tun Baba yana da rai.

"Ashe an yi ma ruwa soja? To shi za ka shiga, auta. Su kawo ka nan. Babanku na kwance ƙarƙashin ruwan ga, shi da iyayenai, babu mai wucewa shi yi musu sallama. In an ba ka jirgi, ka riƙa tsayawa saitin giginyun can kana yi mai addu'a."

Ita a ganinta, tunda an tara ruwa a nan, to sojan ruwa masu gadinsa ne. Ga albarka ta zo hannun auta, shiru kawai zai yi ya tashi da ita. Ni ma ga dama ta zo mini, kalma ɗaya zan faɗa zancen soja ya rushe. Na buɗe baki, na kalli murnar da ke fuskar tsohuwar nan, na kasa. Auta ne ya yi magana.

"Inna, ba nan aka kai su ba. Ikko ta, bakin teku, nesa ƙwarai. Ba ni amsar albarkarki bisa abin da ba shi na ba."

Ta ɗauki mazarinta ta ci gaba da kaɗi, zaren yana tsinkewa tana ƙullawa. Ta ba mu tuwon dawa da miyar kuka, ta yi mana shimfiɗa, amma zancen bai sake tashi ba. Abin da na zo nema ke nan, na samu, sai dai ko kaɗan ban ji daɗinsa ba.

Da hantsi ta yafa mayafi ta ce mu raka ta bakin ruwa. Matan gidan suka bi mu da kallo, domin tun da aka tashe su ba ta taɓa zuwa wajen ba. Ta daɗe tana duban giginyun, sannan ta tambayi auta, ruwan da ake saki ta ƙarƙashin dam, ina yake zuwa? Ya ce yana bin gulbi ya wuce Bakura, ya wuce Sakkwato da Argungu, ya faɗa kogin Kwara. Ta ce daga nan fa? Ya ce daga nan sai teku.

"Tekun da za a kai ka?"

"Shi, Inna."

Ta durƙusa da kyar, ta kamfaci ruwan da hannu biyu ta shafa masa a fuska da ka.

"To tahi. Allah shi yi maka albarka, shi tsare gabanka da bayanka. In ka ga ruwa can, ka yi mai sallama. Ta kan babanka yab biyo."

Na juya baya na yi kukana, ban damu da masunta da ke kallo ba.

La'asar sakaliya muka iso Mafara a bayan wata tipa, jikinmu duk yashi. A hanya ba mu yi wata hira ba, sai da muka zo ƙofar gida ya ce mini, "Yaya, na san abin da yas sa kinka biyo ni. Na gode da ba ki hwaɗi ma Inna zancen Ikko ba." Na ce ya rufe mini baki ya shiga ya yi wanka.

Na fita ina ganin na fi kowa sanin abin da ya dace da shi, na dawo na san cewa wanda aka miƙa wa albarka a kan kuskure ya mayar da ita, ya isa ya zaɓar wa kansa hanya. Har yau ba na so ya tafi, kuma ba zan ɓoye ba. Amma na aika a sayo mini gyaɗa, gobe zan fara yi masa ƙulin guzuri.