Abin da Mai Aski Ya Ƙara wa Kiɗana

Ina tuƙi a birnin Riyad, daga unguwar Badi'a zuwa Dira, na fara jin faifan. Wani Balarabe na ɗauko, injiniya, ya ce ko zai iya haɗa wayarsa da rediyon motar. Na ce tafaddal, wato bismilla. Ganga ta fara shigowa, jita ta biyo, sai ga muryar da na sani tun muna tsinkar mangwaro a bayan gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa a Kaduna. Saura ƙiris in daki bayan motar da ke gabana.

Injiniyan ya ce, "Sadik," wato aboki da Larabci, "'yan Afirka ne. A Turai na sayo. Kana jin yarensu?"

Na ce ina ɗan ji. Ya yi ta kaɗa kai har muka isa.

Mu huɗu ne a ƙungiyar a da. Abokina na yarinta shi ke waƙa, akwai mai ganga, akwai mai ƙaramar jita, ni kuma ina riƙe da babbar jitar nan mai kaurin murya da muke ce wa bes. Kiɗan rok muke yi da Hausa, a bayan wani shagon walda, saboda nan ne kaɗai ba wanda zai ce mun dame shi da hayaniya. Shekara biyar muna abu ɗaya. In an gayyace mu biki, kafin mu gama waƙa ta biyu uwar ango ta aiko a ce mu rage. Da matata ta samu ciki, aka kuma samar min bizar tuƙi a Riyad, ban tsaya dogon tunani ba. Abokina ya roƙe ni in ƙara shekara ɗaya. Na ce masa ya je ya gaya wa jaririn ya jira.

Kusa da shagon waldar akwai wani mai aski, sa'anmu, mutum mai sanyin jiki da wushirya. In ba shi da kai a gabansa sai ya jawo benci ya zauna yana kallon yatsuna. Shi na bar wa jitar, ba don na ga zai iya ba, sai don ba wanda ya nema. Na zauna da shi yini biyu na nuna masa kiɗan wata waƙa da ni na ƙirƙiri gindinta, wato kiɗan bes ɗin da take tafiya a kai. Yana yi yana tuntuɓe. Na tafi ina yi masa dariya a zuci.

Wata tara bayan tafiyata wani Bature mai ɗaukar waƙoƙi ya ji su. Wata tara! Na yi shekara biyar ina shaƙar hayaƙin walda ba wanda ya leƙo, ina juya baya Bature ya ga hanya. Faifan da suka yi da shi ne injiniyan ya sa min a mota, kuma waƙar farko a cikinsa ita ce tawa.

Tun daga nan faifan ya hana ni sakat. Na shiga shagon wani Basudane a unguwar Manfuha sayen sukari, faifan ne ke tashi a ciki. Matata ta turo min hoton bidiyo, 'yarmu tana rawa da shi a bikin makaranta. Aka ce a Kaduna yanzu duk saurayin da ya ɗauki jita, da wannan waƙar yake fara koyo, kuma ƙungiyoyi sun fito barkatai kowa yana kwaikwayonsu. Sun yi wasu faya-fayan daga baya, amma wancan na farko shi ne har yau ake nema. In ina jiran fasinja sai in buɗe waya in kalli mai aski a Turai cikin ƙanƙara da rigar fata, yana washe wannan wushiryar. Ba zan ɓoye ba, ƙyashi nake yi. Abokina ban cika jin haushinsa ba, muryarsa tasa ce. Mai askin ne ya tsaya min a wuya. Na sha yi masa fatan tsirkiya ta tsinke masa a gaban jama'a, sannan in yi istigfari, sannan in sake.

Mu shida ne a gidan da muke haya a Manfuha. Babbanmu wani magini ne Basakkwace da muke ce wa Baba, ya fi shekara ashirin da iƙama, wato takardar zama, a ƙasar. Ranar da na fara cewa ni na ƙirƙiri kiɗan nan, ko ɗago kai bai yi daga kwanon shinkafa ba.

Ya ce, "Yaro, na zauna da wanda ya ce shi ɗan sarki ne, na zauna da wanda ya ce ya buga wa Najeriya ƙwallo. Kai naka mai sauƙi ne. Miƙo min yaji."

Shi ke nan suka laƙaba min Oga Mai Jita. In wayar wani ta yi ƙara sai a ce, "Oga, wannan ma kai ka yi?" Ba ni da hoto ko ɗaya, sunana ba ya jikin faifan, kuma girman kai ya hana ni neman abokina a waya. Shekara tara ina haɗiye wannan tsokanar. Ban damu duniya ta sani ba kamar yadda na damu tsohon nan ya yarda, don shi nake gani kullum.

Da hukuma ta sassauta kan kiɗa aka fara kawo mawaƙa Riyad, kamfanin da nake wa tuƙi ya samu aikin jigilar baƙi. Wata Laraba mudir, wato manajanmu, ya kira ni ya ce gobe akwai mawaƙa 'yan ƙasarku, kai za ka ɗauko su tunda yarenku ɗaya. Da ya nuna min takardar sai na ga sunan tsohuwar ƙungiyarmu ne a jiki.

Na goge farar rigata sau biyu. Na tsaya a filin jirgi riƙe da allon da aka rubuta sunan ƙungiyar da ni na taya zaɓa. Na shirya wa wulaƙanci tsaf, har amsar da zan mayar na haddace. Abokina yana hango ni ya saki jakarsa a ƙasa.

"Kai! Mutumina! Dama kana raye ka ƙi nemana?"

Ya rungume ni har hulata ta faɗi. Mai aski kuwa ya rusuna ya ce, "Malam, mun same ku lafiya?" Na kai hannu zan ɗauki akwatinsa, ya ce wallahi ba zai yiwu ba, ya ɗauki abinsa da kansa ya sa a bayan mota. Wannan ladabin ya fi zagi ƙona min rai. Da ya yi min ɗagawa da na san inda zan ajiye haushina.

Bayan la'asar na kai su zauren da za su yi wasa don su gwada kayan sauti. Ba kowa sai ma'aikatan wurin, Larabawa da wasu 'yan Filifin, suna jan wayoyin lantarki. Na faɗa wa abokina zancen Baba, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya karɓi wayata ya ba mai ganga ya ce ya ɗauke mu a bidiyo, ya dafa kafaɗata ya dubi wayar.

"Baba, ina gaisuwa. Wannan da kake gani shi ya ƙirƙiri gindin waƙar nan a bayan shagon walda. Ni shaida ne."

Da a nan abin ya tsaya da na koma gida da farin ciki. Sai mai aski ya cire jitarsa daga wuya ya miƙo min da hannu biyu. Ya ce, "Malam, a ɗan tuna mana."

Yatsuna sun yi laushi, shekara da shekaru ba abin da suke riƙewa sai sitiyari. Amma suna taɓa tsirkiya suka tuna hanya. Mai ganga ya ajiye wayar ya shigo, ma'aikatan suka tsaya da aikinsu suna kaɗa kai. Na zo ƙarshen zagayen farko, na ga wani Balarabe ya ɗaga hannu sama yana jiran wani abu. Na wuce. Ya sauke hannun. A zagaye na biyu ya sake ɗagawa, na sake wucewa. Ya dubi abokin aikinsa, suka koma jan wayarsu.

Akwai wani wuri a faifan inda bes take yin shiru ɗan lokaci, kamar mutum ya riƙe numfashi, sannan ta zame ƙasa a hankali. Wurin ne mutane ke jira. Na ji shi sau ba adadi, kuma kullum ina ɗauka nawa ne. Sai a ranar na gane babu shi a yatsuna. Nawa kiɗan a guje yake tafiya daga farko har ƙarshe.

Na dubi mai aski. Ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya.

"Malam, a yi haƙuri. Lokacin na kasa saurinku ne. In na zo nan yatsana ba ya kaiwa, sai in tsaya in jawo shi. Baturen ya ce a bar shi haka."

Ya karɓi jitar ya buga wurin sau ɗaya don ya nuna min. Ma'aikatan suka yi ihu suna tafi. Na ce masa ya yi kyau, na ce zan je in duba mota. Na zauna a cikinta ban kunna sanyi ba.

Washegari Juma'a ce, duk muna gida da safe, an baje burodin tamis da wake a kan leda. Na miƙa wa Baba wayar. Ya sa tabaransa ya kalla, ya ce a maimaita masa, aka maimaita. Sauran suka yi ta ihu suna dukan bayana. Baba bai yi dariya ba. Ya goge hannunsa, ya cire tabaran, ya kama hannuna da nasa biyu masu kaushin siminti.

Ya ce, "Ɗana, shekara tara ina ƙaryata ka a gaban mutane, ashe gaskiya kake faɗa. Kiɗan da duniya ke so naka ne, kana nan kana tuƙa mota ba ka taɓa yin ƙorafi ba. Ka yafe min don Allah."

Idonsa ya ciko. Na buɗe baki, duk suna kallona, na ce, "Na yafe, Baba." Ya koma Sakkwato bara, kuma har ya tafi ban gaya masa cewa wurin da duniya ke so na mai aski ne ba.