Ƙyauren da Ke Rufe Kansa

Kafin ya kunna inji, sai ya share ƙasa. Shekara arba'in da 'yan kai haka Mai Walda yake buɗe shagonsa: ya tattara guntayen ƙarfen jiya, ya jera sandunan walda a gwangwani, ya goge baƙin gilashinsa da gefen riga, sannan ya zauna ya ƙura wa ƙarfen ranar ido. 'Yan layi sun laƙaba masa Sannu-Sannu, kuma ba su yi masa ƙarya ba. Wani zai haɗa maka ƙyaure kafin shayinka ya huce. Shi kuwa sai ya ɗiga walda a wannan kusurwa, ya zagaya ya ɗiga a waccan, ya jira ƙarfe ya yi sanyi, ya sake aunawa. Cewa yake zafi yana jan ƙarfe, duk wanda ya yi masa gaggawa zai tashi da aiki a murɗe.

A watan nan ya ajiye aiki, domin hasken walda ya gama cin idonsa. Ayyukansa suna nan birjik a unguwa, amma mai son sanin ko wane ne shi, ya leƙa ƙyauren baya na gidan Mai Ɗinki.

Mai Ɗinki ita ta riƙe mahaifinta tun da tsufa ya fara kwashe masa tunani. Tsohon ba ya faɗa, ba ya ɓarna, tafiya kawai yake so. Taku ashirin daga katangar baya kuwa akwai wata ƙatuwar magudanar ruwa da zurfinta ya fi tsayin mutum. Ƙyauren katangar a lokacin na katako ne, ruwa ya kumbura shi har ba ya shiga gurbinsa, ga shi kowa ta nan yake bi, daga masu kawo ɗinki har maƙwabciyar da ke shanya a igiyar gidan. Wata rana aka tsinci tsohon tsaye a bakin magudanar, takalmi ɗaya a ƙafa. Tun daga ranar, ko keken ɗinki take takawa, kunnenta yana ƙofar baya.

Ta je shago ta ce, "Kawu, ƙyauren ƙarfe nake so, rufaffe ruf, wanda ko iska ba za ta ratsa ba."

Ya ce, "To, 'yata. Bari in zo in gaida Baba tukuna."

Ya zo ɗin, ko abin awo bai riƙo ba. Ya samu benci a tsakar gida ya zauna tun hantsi har rana ta take, yana hira da mutumin da ya tambaye shi sunansa sau bakwai. Mai Ɗinki tana ɗaki tana cika tana batsewa. Ashe kallo yake. Ya ga inda hannun tsohon ke zuwa in ya isa ƙofa, daidai ƙugu, gefen dama, inda sakata take shekara da shekaru. Ya ƙirga waɗanda suka wuce suka bar ƙyaure a hangame, ya kuma duba ta inda iska ke bugo katanga.

Mako biyu ya ɗauka. Ya zaɓi bututun ƙarfe mai kauri, ya gicciya wani daga kusurwa zuwa kusurwa don kada ƙyauren ya sunkuya da shekaru. Ya kankare kowace walda da burushin waya har ta yi ƙyalli, ya shafa jan fentin da ke hana tsatsa sau biyu kafin na ado. Ranar da aka kafa shi, ran Mai Ɗinki ya ɓaci. Rabin sama duk sanduna ne, ana hango waje. A ƙasan bututun an huda 'yan ramuka. Sakata tana can sama, gefen hagu. Abin da ya fi ci mata rai, ginshiƙin da ke riƙe da ƙyauren ya ɗan karkata, ko yaro ya kalla zai gani.

Maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Ikon Allah. Sabon ƙyaure da ciwon ƙugu?"

Mai Ɗinki ta ce, "Kawu, ban raina aikinka ba, amma mako biyu fa. Kuma a karkace?"

Bai yi musu ba. Ya ce, "Buɗe shi iyakar buɗewa, ki saki."

Ta buɗe ta saki. Ƙyauren ya taho a hankali shi kaɗai, ya zo ya shiga gurbinsa, sakata ta faɗa ƙaras.

Ya ce, "Mutanen gidanki suna mantuwa, 'yata, nauyinsa ne zai riƙa rufe shi. Ramukan nan, ruwa ko ka hana shi shiga sai ya shiga, gara ka ba shi hanyar fita. Sandunan kuwa, in na toshe, iska za ta riƙe shi a buɗe. Ga Baba kuma, in kika raba shi da ganin waje, kokawa zai yi da ƙofar."

Ta yi godiya dai, amma har ga Allah ba ta gamsu ba.

Damina huɗu ta wuce a kan ƙyauren. A ta biyar, wata rana da yamma ta fita sayo wa tsohon magani, ta bar shi yana barci. Hadari ya taso lokaci guda, iska tana ɗaga kwanon rufi, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Tana cikin mota ta tuna shanyar maƙwabciya tana kan igiya, kuma ta san halin mutuniyarta in tana sauri. Ta sauka ta kama gudu. A kan hanya ta ga ƙyauren wani gida kwance a ƙasa, na wani yana ta dukan bango. Tun daga nesa take jin rurin magudanar, ta cika ta tumbatsa.

Ɗakin tsohon babu kowa. Ta ruga ƙofar baya.

Yana nan tsaye a jikin ƙyauren, ta ciki, ya jiƙe sharkaf. Hannunsa yana ta lalube daidai ƙugu, gefen dama, inda babu komai sai ƙarfe. Ƙyauren a rufe yake, iska tana wucewa ta tsakanin sandunan. Ya waiwayo ya ce mata, "Yarinya, zo ki ga ruwa." Ta rungume shi tana kuka, shi kuwa yana ta nuna mata waje.

Maƙwabciya da bakinta ta faɗa: da ta kwashi kayanta ta bar ƙyauren a hangame, ko waiwaye ba ta yi ba. Tsohon ya ƙara shekara shida a duniya, kuma a kan gadonsa ya cika, 'yarsa tana riƙe da hannunsa.

Kawu Sannu-Sannu, kai ne ka zauna rabin yini kana karanta hannun tsoho kafin ka taɓa ƙarfe. Kai ne ka yarda a yi maka dariyar karkataccen aiki, ba ka miƙe shi don a yaba maka ba. Mun sha cewa ka cika nawa, yau kunya muke ji. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya sanyaya maka idanun nan da ka ƙarar a kanmu. Masu sana'a kuma, ko wace iri ce taku, ku yi koyi da shi: kafin ku auna aiki, ku je ku ga wanda zai rayu da shi.

Ranar da Mai Walda ya rufe shago, Mai Ɗinki ta je ta kamo hannunsa, ta ce akwai mai son gaishe shi. Ta kai shi gaban ƙyauren. Ba ya gani sosai, don haka da tafin hannu ya bi ƙarfen, ya shafa kowace walda, ya durƙusa ya zura tsinke a ramukan ƙasa ya ji ba su toshe ba. Shekara goma sha bakwai, tsatsa ba ta samu wurin zama ba.

Ya miƙe, ya tura ƙyauren iyakar buɗewa, ya saki, ya karkata kunne.

Sakata ta faɗa ƙaras.

Ya ce, "Har yanzu a karkace yake, 'yata?"

Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "A karkace yake, Kawu. Kada Allah ya kawo mai miƙe shi."